Baƙon da ya zo koyon yare: yadda ake koyon harsunan Maya a gidajen mutane da kasuwanninsu

A shirinmu na makon jiya mun yi nisan kiwo, mun tsallaka teku har ƙasashen Gwatamala da Meksiko. Abin da ya kai mu shi ne wata hanyar neman ilimi: ɗalibi ya taso daga Amurka ko Turai, ya biya kuɗi, ya sauka gidan manomi ko masaƙiya na tsawon makonni, don kawai ya koyi yaren Maya. Wasunku sun ce sunayen sun yi musu yawa a kunne, wasu kuma suna kan hanya shirin ya wuce su. To ga shi a rubuce. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Su wane ne Maya?

Idan ka bar Amurka ka yi kudu, Meksiko za ka fara shiga. Daga ita sai Gwatamala, da wata ƙaramar ƙasa da ake ce wa Beliz. Nan ne ƙasar Maya. Ƴan asalin wurin ne, manoman masara tun dubban shekaru. Sun gina birane na dutse, suna da rubutunsu da lissafinsu tun kafin Bature ya san akwai ƙasa a bayan teku. Ƙidayar Gwatamala ta 2018 ta samu Maya fiye da miliyan 6, wato mutum 4 cikin kowane 10 na ƙasar.

Ana cewa "yaren Maya" ne a taƙaice, amma harsuna ne kimanin 30, dangin juna. Wasu suna kusa kamar Zabarmanci da Dandanci, wasu sun yi nisa har ba a jin juna sam. Gwatamala ita kaɗai tana da 22. Masu yawan jama'a su ne K'iche', da Q'eqchi', da Mam, da Kaqchikel. A Meksiko akwai na yankin Yukatan, wanda masu shi ke kira Maya kawai, sai Tseltal da Tsotsil a jihar Ciyapas.

Turawan Sifaniya sun shiga Gwatamala da yaƙi a 1524. A 1562 wani limamin coci mai suna Diego de Landa ya tara littattafan Maya a garin Maní na Yukatan ya cinna musu wuta. Cikin irin waɗannan tsofaffin littattafai, huɗu kacal suka rage yau a duniya. Tun daga wancan zamani Sifaniyanci ya zama yaren mulki, na kotu, na lakwal, na babbar kasuwa. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Me ya sa sai a gidan mutane?

Jami'ar Tulane ta birnin New Orleans tana kai ɗalibai birnin Antigwa na Gwatamala tun ƙarshen shekarun 1980 don koyon Kaqchikel, mako shida cikin damina. Wasu jami'o'in, ciki har da Vanderbilt, sun yi shekaru suna sauke ɗalibansu a gidajen garin Nahualá, ana faɗinsa Nawala, don koyon K'iche'. Jami'ar North Carolina da ta Duke suna da nasu na yaren Yukatan. Ban da waɗannan akwai ƙananan makarantu masu zaman kansu a Antigwa da Ketsaltenango, birnin da kowa ke kira Shela. Can mako-mako ake biya, malami ɗaya ɗalibi ɗaya, kwana da abinci kuma a gidan wani iyali. Malaman ƴan gari ne, yaren a nono suka sha shi.

To me ya hana a yi karatun a aji, a koma otal a kwana? Amsar tana hannunku. Ku duba Bahaushen da ya yi shekara ashirin yana sayen dabbobi wurin Fulani, amma bai iya Fulatanci ba ban da gaisuwa. Ba ƙin koyo ya yi ba. Duk wanda ya tare shi da Hausa yake amsa masa, domin Bafulatanin ya iya Hausa, kuma ciniki ya fi sauri da ita. Haka Sifaniyanci yake a can. Mai shago, da direba, da saurayin da ya yi lakwal, da zarar sun ga baƙo sai su juya harshe zuwa Sifaniyanci, don girmama shi da kuma gudun ɓata lokaci. Baƙo na iya yin wata guda a garin Maya bai ji jimla goma ta yaren an faɗa masa ba.

A cikin gida ne kawai abin ke canzawa. Can akwai tsohuwar da Sifaniyancinta kaɗan ne ko babu. Akwai yaran da ba su jin kunyar yi maka dariya idan ka kwafsa, kuma su ne malaman da ba su gajiya. Akwai kuma magana iri ɗaya da ake maimaitawa kullum: zo ka ci, miƙo gishiri, rufe ƙofa, kaza ta shiga ɗaki. Abin da kunne ya ji sau hamsin a rana, da abin a gaban ido, ba ya buƙatar fassara.

Fatakenmu sun daɗe da sanin wannan. Wanda ya kai shanu Ibadan ko ya je sayen goro Kumasi gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, ya gaya masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, kuma a tsakar gidansa ne kunnen baƙo ke fara buɗewa ga yaren garin. Bambancin kawai shi ne ɗalibin can ba kaya ya kawo ba, yaren shi ne hajar da ya zo saye.

Yini guda a gidan

A Nawala sanyi ne zai fara tashinka, domin garin yana kan duwatsu, tsayin fiye da mita 2,000. Uwar gida ta riga kowa tashi. Masarar da ta dafa tun jiya da ruwan farar ƙasa, kamar yadda mu muke sa kanwa ko toka, ita za a wanke a kai inji. Ƙullun sai a mulmula, a tafa shi tsakanin tafin hannu biyu har ya yi faɗi, a gasa a kasko. Shi ne tortiya, ana ci safe da rana da dare, da wake da barkono. A K'iche' kalmar wa tana nufin abincin masara, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya, kamar yadda Bahaushe in ya ce a zo a ci tuwo, abinci yake nufi.

Gaisuwar safe ita ce Saqarik, wato gari ya waye. Ga dattijo sai ka ƙara tat, baba, ga dattijuwa nan, inna. Ana tambaya Utz awach?, ma'ana ko fuskarka lafiya. Amma wannan ta sa'o'i ce da yara. Ga babba akwai kalmar girmamawa, la, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Littafi zai gaya maka akwai ta. Wa za ka faɗa wa, yaushe, da irin sassauta muryar da ke tafiya da ita, wannan sai a bakin murhu.

Da hantsi ɗalibi ya tafi wurin malaminsa, su yi awoyi suna nahawu da maimaici. Da rana ya dawo gida da aikin da aka ba shi: ya tambayo sunayen kayan saƙa, ko sunayen dangi, ko yadda ake shuka. Gonarsu ana haɗa masara da wake da kabewa wuri ɗaya, kamar geronmu da wake. Wanka kuma a wani ɗan ƙaramin ɗakin tururi ake yi, sunansa tuj, sai an durƙusa ake shigarsa. A Yukatan lamarin daban ne. Can ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai zafi, ana kwana a gadon raga da ake ɗaurewa tsakanin bango da bango.

Inda Bahaushe ya fi Bature sa'a

Wannan ɓangaren ne ya fi ba masu saurare dariya. Abin da ke wahalar da ɗaliban Amurka makonni, mu da shi aka haife mu. Harafin da Maya ke rubutawa k' shi ne ƙ namu, na ƙafa da ƙasa. Wanda suke rubutawa tz' ko ts' shi ne ts namu, na tsoro da tsuntsu. B' na K'iche' kusan ɓ ne, na ɓera. Sunan yaren kansa, da Bahaushe ne ya rubuta shi, Ƙice zai sa. Bature kuwa sai ya yi ta fama kafin ya raba baki da baƙi.

Yaren Yukatan har da jan wasali da hawa da saukar murya, irin wanda ke raba kukan yaro da itacen kuka a bakinmu. Ku ji: kan huɗu, kaan maciji, ka'an sama, k'áan gadon raga. Baƙon da ya kuskure na iya neman maciji ya kwanta a ciki. A K'iche' akwai q, wanda ke fitowa daga can cikin maƙogwaro kamar ƙaf na Larabci a bakin mai tajwidi. Sai q', wato shi ɗin ne a matse, wanda ba mu da shi: kaq ja ne, q'aq' wuta. In za ku karanta kalmominsu, x ana faɗinsa sh, j kuma h mai kauri.

Makiyaya, ga naku. Kafin zuwan Turawa babu saniya, babu doki, babu tunkiya a ƙasar Maya. Da suka gan su sai suka nema musu suna. Mutanen K'iche' suka kira doki kej, sunan barewarsu. Na Yukatan suka kira shi tsíimin, sunan wata dabbar daji mai guntun hanci kamar na giwa. Tunkiya a Yukatan taman ce, kalmar da ke nufin auduga, saboda gashinta. Saniya kuwa wakax, aro ne daga Sifaniyanci. Kuma a Yukatan ba a ƙirga mai rai da marar rai da kalma ɗaya: juntúul wakax saniya ɗaya, jump'éel naj ɗaki ɗaya.

Mota da kasuwa

Bayan gida, aji na biyu shi ne hanya. Motocin haya na Gwatamala tsofaffin bas-bas ne na ɗaukar ƴan makaranta a Amurka, an sayo su an yi musu fenti mai walƙiya. Baƙi na ce musu motar kaji, kun san dalili. Yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran sunan gari, kaya a sama, mutum uku a kujerar mutum biyu. Awa biyu a irin wannan mota ɗalibi zai ji yadda ake tsawata wa yaro, yadda ake neman canji, yadda ake roƙon a matsa.

Kasuwanninsu ma masu ci ne rana-rana kamar namu. Ta Cicikastenango tana ci Alhamis da Lahadi. Ta San Francisco El Alto tana ci Juma'a, kuma a can saman garin akwai fili na dabbobi, shanu da tumaki da aladu, ana duba haƙori ana taya farashi. Momostenango ta yi suna da bargon gashin tumaki. A tsaunukan Kucumatanes, sama da mita 3,000, masu yaren Mam ke kiwon tumakinsu cikin hazo. Rigar mata da ake saƙawa da hannu kowane gari da irin zanensa, har mai ido kan gane garin mace tun ba ta buɗe baki ba. Yaren ma haka yake: K'iche' na Nawala ba ɗaya yake da na Cicikastenango ba, kamar Sakkwatanci da Damagaranci. Ɗalibin da bai fita ba sai ya ɗauka abin da ya ji a gida ɗaya shi ne yaren duka.

A kasuwa ne lissafi ke kama mutum. Maya da ashirin-ashirin suke ƙirga. A K'iche' ashirin juwinaq ne, wato mutum ɗaya, yatsun hannu da na ƙafa. Arba'in mutum biyu kenan. Kakanninmu ma suna da hauya a ƙirgan wuri, su kuwa Maya ƙwayar koko ce wurinsu a da. Amma yau in ɗalibi ya je kasuwa da ƙirgan littafi, sai ya tarar farashi da lambobin Sifaniyanci ake faɗinsa a tsakiyar maganar Maya. A Yukatan yawanci daga uku ko huɗu ake komawa Sifaniyanci. Daidai yake da baƙon da ya koyi Hausa a takarda ya zo kasuwarmu, aka ce masa dala ashirin, bai san sefa ɗari ake nufi ba.

Kalmomi uku na Yukatan da muka maimaita a shirin: Bajux?, nawa ne. Bix a beel?, gaisuwa ce, ma'anarta yaya hanyarka. Dios bo'otik, godiya ce, ma'anarta Allah ya biya.

Can ma akwai iyaka

Yarjejeniyar 1882 ce ta shata iyakar Gwatamala da Meksiko, ta bar masu yaren Mam a gefe biyu. Q'eqchi' kuma suna Gwatamala suna Beliz. Gwatamala Sifaniyanci take mulki da shi, Beliz Ingilishi. Don haka ɗalibin da ya bi Q'eqchi' ya tsallaka zai ji yare ɗaya da aro iri biyu, kamar namu kwastan da duwan. A kogin Suciyate da ya raba Gwatamala da Meksiko, ƴan kasuwa na tsallaka da kaya a kan katako da aka ɗaure bisa tiyub na manyan tayoyi. Kayan suna bin inda canjin peso da ketsal ya fi daɗi. Wannan ba sai an yi muku bayani ba.

Ladabin baƙo

Baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma makantar tana da haɗari. A shekarar 2000, a garin Todos Santos na masu yaren Mam, jita-jitar satar yara ta bazu. Taron jama'a a kasuwa suka kashe wani ɗan yawon buɗe ido ɗan Japan da direban motar da ta kawo su. Shi ya sa darasin farko da ake ba ɗalibi shi ne kada ya ɗauki hoton kowa, balle yaro, sai ya nemi izini. A cocin San Juan Chamula na Ciyapas an hana ɗaukar hoto gaba ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa mutane ke ɗari-ɗari da baƙo mai yawan tambaya. Gwatamala ta yi yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996. Hukumar binciken gaskiya ta ce a 1999 mutum kimanin 200,000 aka kashe ko suka ɓace, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗanda ta tantance Maya ne. Dubun dubata sun gudu Meksiko. Dattijon da ke koya maka sunan tsuntsu wataƙila ya binne ƴan uwansa a lokacin. Ba a tono masa maganar. In ya yarda da kai shi zai faɗa.

Wani mai saurare ya tambayi batun abinci ga Musulmi. Tambaya ce mai kyau, domin naman alade da kitsensa suna shiga girki sosai a can, musamman a Yukatan. Abin yi shi ne a faɗa tun kafin a sauka, kada sai an ajiye kwano a gabanka, domin mayar da abincin mai gida abin kunya ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Kuma ku sani a birnin San Kiristobal na Ciyapas akwai ƴan Tsotsil da suka musulunta tun tsakiyar shekarun 1990, da masallatansu.

Wa ke cin riba?

Mai gida yana samun kuɗin ɗaki da abinci. Malami yana samun aiki da yarensa, abin da kakansa bai taɓa zato ba. Wasu ɗaliban ma suna dawo da amfanin: akwai likitocin da ke duba marar lafiya da Kaqchikel ko K'iche', kuma kotunan baƙin haure a Amurka kullum neman tafintan Mam da K'iche' suke.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Baƙo ya tsallako teku yana biyan kuɗi don yaren, ɗan gidan kuwa yana barinsa. Iyayen da aka yi wa dariya a lakwal da asibiti saboda bakinsu, da yawa sun zaɓi su yi wa ƴaƴansu Sifaniyanci don kada su sha irin wannan. Ƙidayar Meksiko ta 2020 ta samu masu yaren Yukatan kimanin 775,000, ƙasa da adadin 2010, alhali jama'ar yankin ƙaruwa take. Yaren Itza' na arewacin Gwatamala ƴan tsofaffi ƙalilan suka rage masa. Gwamnati ta yi nata: Gwatamala ta kafa hukumar harsunan Maya a 1990, kuma ƙasashen biyu sun yi dokar harsuna a 2003. Rediyo ma ta yi nata. Tashar Nawala tana magana da K'iche' tun 1962, ta garin Peto a Yukatan tun 1982. Duk da haka yare ba ya rayuwa sai ana yi wa yaro magana da shi a tsakar gida. Wani lokaci ganin Bature yana durƙusa wa kaka yana kwafsawa ana gyara masa shi ke sa jikanta ya sake duban abin da ya raina.

Nan ne maganar ta dawo gida. A kasuwanninmu Hausa ce babbar gada, kuma alheri ce, da ita Bafulatani da Buzu da Babarbare da Bazabarme ke ciniki. Amma ku dubi yaran da suka tashi a gari. Nawa ne cikinsu ke amsa wa kakarsu da yarenta? Sunayen launin shanu, da na ciyayi, da na rijiyoyi da burtali, wane yare ne ya adana su? Abin da wasu ke biyan jirgi su je nema, wasunmu yana cikin bukkarsu kyauta.

Ku aiko mana da saƙo ko ku kira a shiri na gaba: yare nawa ka iya, kuma a gidan wa ka koya? Wanda ke da baƙo a gidansa, ɗan wani yare, ya gwada yi masa magana da nasa yaren sannu a hankali, ya kuma nemi baƙon ya koya masa gaisuwarsu. Na kan hanya Allah ya kai ku lafiya, na daji Allah ya tsare dukiya. Sai mun haɗu.